Jan ruwa da koren ruwa: abin da ke kashe kifi da asuba

Tambaya, daga wani mai garka a wajen Saga da ke Yamai: Muna da reshen kogi da ke yankewa ya zama tabki idan ruwa ya janye. Da damina ruwan ja ne, da bazara kuma kore shar. Bara da bana mun wayi gari kifi ya taso ciki sama, manyan ne suka fi yawa, tarwaɗa kaɗai ta tsira. Wasu sun ce guba aka zuba, wasu sun ce takin shinkafa ne. Mene ne gaskiya, kuma ruwan zai shawu?

Amsa: Malam, ruwa ba ya tsami banza, amma alamomin da ka kawo sun riga sun rage zargin guba. Maganin ƙwari ko gubar kamun kifi ba sa zaɓen lokaci, da rana tsaka ma suna kisa, kuma ƙananan kifi suke fara kayarwa, su haɗa da tarwaɗa da kwaɗi da ƙwarin ruwa. Kifin da ya mutu da asuba, manya a gaba, tarwaɗa kuma tana nan garau, shaƙewa ya yi: iskar oksijin da ke narke cikin ruwan ce ta ƙare cikin dare. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, gaiwa kuma huhu gare ta, shi ya sa su biyun suke tsira idan sauran sun mutu. Abin da za a bi sawu shi ne me ya cinye iskar. Laka da taki kowanne da irin ɓarnarsa, amma a tabki irin naku hannu ɗaya suke aiki.

Mu fara da lakar. Duk mazaunin Yamai ya san kogin Isa sau biyu yake cika. Na farko shi ne jan ruwan Agusta da Satumba, wanda kogunan Gorwal da Dargol da Sirba suke kwararowa da shi daga ɓangaren Burkina Faso, tare da koramun da ke kewaye da birni. Na biyu ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne, wanda ba ya isowa sai Disamba zuwa Janairu, bayan ya shafe watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali. Wannan na biyun ya fi tsabta nesa ba kusa ba, don ya yi tafiyar hawainiya cikin ciyawa ya sauke kayansa a can. Kogi ɗaya ne, gada ɗaya suke wucewa, bambancin duk yana ga irin ƙasar da ruwan ya bi.

Tun farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 masana ruwa suka lura da wani abu mai kama da almara a yankinmu: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ƙananan kogunan Sahel ke kawowa ya ƙaru. Dalili shi ne an sare itace, an daina barin gona ta huta, ƙasa ta yi ɓawo ta zama fako. Ruwan da a da yake nutsewa yanzu gudu yake a sama, yana kankare ƙasa yana yanka kwazazzabai. Ambaliyar 2012 da ta 2020 a Yamai duk lokacin jan ruwa suka zo. Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe: idan hekta ɗaya ta rasa ƙasa mai kaurin milimita 1 tal, wadda ido ba ya gani, mita kubik 10 ke nan, wajen tan 14. Idan filin da ke zuba ruwa cikin tabki ya kai hekta 1,000, tabkin kuma hekta 10 ne, wannan milimita ɗaya ta isa ta cike santimita 10 na zurfinsa a damina ɗaya. Haka madatsun ruwan Adar da Magiya a jahar Tawa suke rasa cikinsu shekara bayan shekara.

Abin da ruwa ya ɗauko ba tare yake sauka ba. Yashi nauyi gare shi, da zarar korama ta shiga kogi gudunta ya ragu sai ya zube nan take, shi ne tudun da ake gani a bakin koramu irin Kurtere da Bubon. Yashin nan yana binne gurabe masu zurfi inda giwan ruwa da ƙurungu suke fakewa da rani. Ruwa marar zurfi kuma saurin zafi yake yi, ruwan zafi ba ya riƙe iska: a digiri 20 lita ɗaya tana iya ɗaukar miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 bai wuce 7.5 ba, a digiri 35 ya sauka ƙasa da 7. Ga shi a zafin ne jikin kifi ya fi buƙatarta.

Laka mai laushi ta fi yashi mugunta, don ba ta gaggawar kwanciya. Tana toshe ramukan da ke tsakanin tsakuwa da duwatsu, inda tsutsotsin ƙwarin ruwa suke zama, su ne kuwa abincin ƴaƴan kifi. Tana lulluɓe ƙwan da aka saka a ƙasa ko a jikin ciyawa, ruwa ya daina ratsa shi, ya ruɓe. Tana manne wa jan naman da ke ƙarƙashin kumatun kifi, wanda yake numfashi da shi, naman ya yi majina ya kumbura. Tana tare hasken rana, ciyawar ƙarƙashin ruwa ta mutu. Kifi masu farauta da ido, irin tsage da giwan ruwa, su rasa abin ci, a bar wa masu lalube da gashin baki fili. A yi adalci dai: kifin kogin nan ya saba da jan ruwa na ƴan makonni, da yawansu ma lokacin suke shiga fadama su hayayyafa. Abin da bai saba da shi ba shi ne lakar da ta ninka, ta daɗe, ta kuma cike fadamar da zai shiga.

Yanzu ga inda lakar ta haɗu da kore. Sinadarai biyu ne suke ciyar da tsiro, a gona ko a ruwa: nitrojin da fosfor. Nitrojin narkewa yake ya bi ruwa, har ya nutse zuwa rijiya. Fosfor kuwa manne wa ƙwayar laka yake, ita ce ke goya shi zuwa tabki. Ya kwanta a ƙasa ya yi shiru muddin akwai oksijin a wurin. Ranar da ruwan ƙasa ya rasa iska, sai ƙarfen da ke riƙe da shi cikin taɓo ya sake shi ya dawo cikin ruwa. Wato jan ruwan Agusta ne yake ajiye abin da zai zama koren ruwan Afirilu, kuma shi ya sa tabkin da ya taɓa lalacewa yake ci gaba da yin kore shekaru bayan an tare ƙazantar da ke shiga.

Ba ya buƙatar mai yawa. Ruwan da fosfor ɗinsa ya wuce miligiram 0.035 a lita ana lissafa shi cikin masu taki fiye da kima, idan ya kai 0.1 abin ya yi tsanani. Buhun takin zamani na 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da tsantsar fosfor wajen kilo 3.3. Da duka zai shiga ruwa, ya isa ya ƙara miligiram 0.05 ga kowace lita a tabki mai faɗin hekta 6 da zurfin mita 1. Sannan rana tana shan fiye da mita 2 na ruwan da ke buɗe a shekara a ƙasarmu, kuma ruwan kaɗai take ɗauka, takin yana nan. Duk yadda tabki ya ƙanƙance a Afirilu da Mayu, haka takinsa yake kauri.

Koren da kuke gani gansakuka ce ƙanana da ido ba ya rarrabe ɗaya-ɗaya. Da rana tana fitar da oksijin, har da la'asar ruwan ya cika ya tumbatsa. Da dare ta daina fitarwa, ita ma ta koma shaƙa, tare da kifi da bakteriyar da ke cin ruɓaɓɓen abin da ya kwanta a ƙasa. Iska ta yi ta raguwa har zuwa fitowar alfijir, lokacin da take kaiwa ƙarshen ƙasa. Kifi yana jin daɗi daga miligiram 5 na oksijin a lita zuwa sama. Ƙasa da 3 ya daina cin abinci. Wajen 1 zuwa 2 za ka ga karfasa ta taso tana buɗe baki a saman ruwa, idan aka daɗe a haka sai mutuwa. Wanda ya zo da na'urar awo da azahar ya ce ruwa lafiya lau bai yi ƙarya ba, lokacin awon ne ya kuskure.

Akwai duka na biyu da la'asar. Gansakuka mai yawa tana ɗaga awon pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, zuwa 9 ko sama, kuma hakan yana juya amoniyar da ta fito daga fitsari da kashi da yuriya ta koma nau'in da ke ƙona kifi. A zafin digiri 30, idan pH yana 7, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na amoniyar ne mai cutarwa. A 8 ya kai wajen kashi 7, a 9 ya kusan rabi. Kifin da ya wuni a haka ya shiga dare a galabaice.

Mutuwar gaba ɗaya kusan kullum tana da abin da ya tunzura ta. Ko dai an yi kwana biyu ko uku ana hazo ko lumshi, gansakuka ba ta samu rana ta cika ruwan da iska ba. Ko gansakukar ta cinye takin ta mutu lokaci guda, ruwa ya juye daga kore zuwa ruwan toka yana wari. Ko kuma, wanda ya fi yawa a wurinmu, ruwan farko na Mayu ko Yuni: iska mai ƙarfi da ruwan sama mai sanyi su juya tabki, baƙin ruwan ƙasa marar iska ya hau sama, a daidai lokacin da kwararar farko ta kwaso kashin dabbobi da sharar wata takwas ta zuba ciki. Ka tambayi abokan aikinka ranar da abin ya faru bara da bana, ina kyautata zaton ɗaya daga cikin ukun nan za ka tarar.

Batun takin shinkafa kuwa, yana da hannu amma kada a ɗora masa duka. Manomin hatsi a tudu ba shi ne mai laifi ba: takin zamanin da yake sawa kaɗan ne ƙwarai, ƙasarsa ma yunwar fosfor take. Abin da yake aikowa kogi ƙasar gonarsa ce. Takin da ke isa ruwa daga wurare ƙalilan yake fitowa: fadamun shinkafa idan an watsa yuriya cikin ruwa mai tsayi sannan aka buɗe magudana, garake da ake zuba wa taki da ka a shayar har ya malala, mashayar dabbobi, sai kuma ruwan kwatar birni. A Yamai wannan na ƙarshe ba ƙarami ba ne. Koramar Gunti Yena ta ratsa tsakiyar gari tana kai ruwan wanka da wanki da na masai kogi rani da damina, ga na mahauta da majema. Da rani kuma babu ruwan da zai surka shi. A Yunin 1985 kogin ya taɓa tsayawa cak a Yamai, ko a shekara mai kyau ma abin da ke gudana a Mayu ɗan kaɗan ne idan aka gwada da Janairu.

Kainuwa da kacalla su ma ƴaƴan takin nan ne. Kainuwa tana rufe fuskar ruwa ta hana iska shiga, kacalla tana kama laka ta mayar da bakin tabki tudu. Cikin saiwoyinsu ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake yaɗuwa, don haka yaran da ke wanka a wurin, duk wanda aka ga jini a fitsarinsa a kai shi likita.

Shan ruwan fa? Jan ruwa yana gyaruwa. Matsalarsa ita ce ƙwayoyin cuta suna ɓuya a jikin laka, jabel, maganin kashe su, kuma ya ƙare a kanta kafin ya kai gare su, shi ya sa a tashoshin tace ruwa na Gudel da Yantala sai an kwantar da laka an tace kafin a sa maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son duhun ruwan sha ya kasance ƙasa da 5 a ma'aunin NTU, ƙasa da 1 ma ya fi, ruwan kogi da damina kuwa ɗaruruwa yake kaiwa. A gida, a ɓare busassun ƴaƴan zogale a daka su lukui, ƙwaya ɗaya ga kowace lita idan ruwan ya yi ja sosai. A dama garin da ɗan ruwa mai tsabta a tace cikin bokiti, a juya da sauri minti biyu, a hankali minti biyar zuwa goma, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu ba a taɓa ba. A tsiyaye na sama, sannan a tafasa ko a sa jabel ko ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs yadda takardar ta ce, a jira minti 30. Zogale laka yake kwantarwa, bai isa shi kaɗai ba, kuma ruwan a sha shi a ranar.

Koren ruwa kam a bar shi. Wani nau'in gansakukar yana fitar da dafi mai lalata hanta, kuma tafasawa ba ta kashe shi. Alamarsa kumfa mai kauri kamar miyar kuka da iska ke tarawa a gefe ɗaya na tabki. Tsoma sanda ka ɗaga: idan ta fito da dogayen zare, wannan mai sauƙi ce. Idan ta fito a shafe da kore babu zare, a hana yara da dabbobi wurin. Dabba ta fi shiga haɗari domin a bakin ruwa take sha, inda kumfar ta taru.

Rijiyar garka ma kada a amince mata don ruwanta fari ne. Nitrat, wato nitrojin ɗin taki ko na masai da ya narke ya nutse, ba shi da launi ko wari. Iyakarsa a ruwan sha miligiram 50 ne a lita, kuma nitrojin ɗin da ke cikin buhun yuriya ɗaya, kilo 23, ya isa ya kai lita miliyan 2 wannan iyaka. Jarirai ƴan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da irin ruwan nan su ne cikin haɗari: jininsu ya kasa ɗaukar iska, leɓe da farce su yi shuɗi. Tafasawa ƙara masa kauri take. Masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya, kuma ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu.

Akwai awon da za ku yi da kanku ba tare da na'ura ba. Ku cika kwalba fara da ruwan ku ajiye: yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, laka mai ɗan nauyi cikin awoyi, mai laushi sai ta kwana ko ta fi, kore kuma ya tsaya ko ya taso wuyan kwalba. Ku sami farin faifan ƙarfe ko murfin tukunya mai faɗin santimita 20, ku ɗaure da igiya mai ƙulli kowane santimita 10, ku saukar har ya ɓace wa ido. A koren ruwa, ɓacewa a 30 zuwa 45 daidai ne ga kifi. Ƙasa da 20 gargaɗi ne. Ku yi awon sau ɗaya a mako daga Maris, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ku rubuta. Ku riƙa ɗaga duwatsun bakin ruwa kuma: inda ake samun ƙwari iri-iri ruwan yana da rai, inda babu komai sai jajayen tsutsotsi cikin baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ta daɗe da barin wurin.

Gyara na gaskiya a tudu yake. Yashe tabki da katafila kuɗi ne mai yawa, kuma idan ba a taɓa inda ƙasar ke fitowa ba, damina kaɗan za ta mayar da shi yadda yake. Mutanen Adar sun riga kowa sanin wannan, tun aikin gyaran ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da tassar da ta bazu a wajen Illela. A kan fako, tassa rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin 15 zuwa 20, wajen 10,000 a hekta, ƙasar da aka haƙo a tara ta ta gangare. Akwai kuma rami mai siffar rabin wata, mai faɗin mita 4, wajen 313 a hekta, bakinsa yana kallon tudu, layi na biyu yana tare gibin na farko. Jeren duwatsu dole ya bi daidaiton ƙasa da aka auna da tiyon ruwa, don wanda aka jera da ido tara ruwa yake wuri ɗaya ya ɓalle ya haifi sabon kwazazzabo. Korama kuma daga kanta ake fara ɗaure ta, da ƙananan shingayen dutse da yawa, tsakiyar kowanne ya fi gefensa ƙasa, a shimfiɗa dutse inda ruwa zai faɗo. Babban shinge ɗaya a ƙasa ruwan farko ne zai kewaye shi.

A bakin ruwan naku, ku bar mita 5 zuwa 10 ba noma, a dasa gamba ko jema a tudu, burgu a inda ruwa ke kwanciya. Wannan zai kama yashi da mafi yawan laka mai nauyi, burgun kuma abincin dabba ne mai kuɗi. Masu shinkafa su rage ruwan fage kafin su sa yuriya, su raba ta kashi biyu ko uku, su toshe magudana kwanaki kaɗan bayan sawa. Masu garka su binne taki kusa da saiwa maimakon watsawa, kada a sa ana ganin hadari. A tudu, giram 6 na 15-15-15 ko giram 2 na takin DAP a kowane rami, yadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta gwada, ya wadatar kuma ba ya bin ruwa. Dabbobi a yi musu kwami nesa da baki, a ja musu ruwa. Kainuwar da aka cire a kai ta tudu ta zama takin gargajiya, idan aka bar ta a baki ruɓewa za ta yi ta koma da duk abin da ta sha.

Daga Afirilu zuwa ruwan farko, wani ya riƙa leƙa tabkin kafin sallar asuba. Idan ya ga kifi ya taso yana haki, a tada injin ban ruwa nan take, a ja ruwan sama, ba na ƙasa ba, a fesa shi sama ya faɗo cikin tabkin, a ci gaba har rana ta ɗaga sosai. Ba zai ceci tabkin duka ba, amma kifi zai taru inda ake fesawa. Kada a zuba maganin kashe gansakuka, don mutuwarta lokaci guda ita ce za ta cinye sauran iskar ta kuma saki dafinta. Kifin da ya mutu a kwashe a binne nesa da ruwa, kada a kai kasuwa. A ɗebi ruwan cikin kwalba mai tsabta, a cika ta har baki, a sa cikin ƙanƙara, a sanar da ma'aikatan gandun daji a ranar, domin bayan kwana ɗaya awon ba zai nuna abin da ya faru da asubar ba.